Laftof uku, yara tamanin da shida

Litinin, 23 ga Satumba, 2024

Yau kayan suka iso. Laftof uku ne, dukkansu na hannu, ƙungiyar tsofaffin ɗaliban makarantarmu ce ta haɗa kuɗi ta saya a Kano, aka sako su a kwalin taliya an naɗe kowace da tsohon zane. Hedimasta ya aiki monita ya kira ni, ya ce tunda ni na yi kwas ɗin kwamfuta lokacin da nake NCE, amanar a kaina ta faɗo. Na ce, "Ranka ya daɗe, kwas ɗin nan fa rabinsa a allo muka yi shi." Ya yi dariya ya ce, "To Malama, ke kin sami rabi, mu ko kwata ba mu samu ba." Ya miƙo mini makullin sito, magana ta ƙare.

Shekara shida ke nan ina koyar da darasin kwamfuta a aji huɗu, don yana cikin manhajar kimiyya da fasaha ta firamare, amma da alli nake koyar da shi. In zana akwati a allo in ce wannan ce fuskar kwamfuta, in zana wani abu mai wutsiya in ce linzami ne, yara su kwafa, ranar jarrabawa su dawo mini da abina. Akwai wanda ya ci tamanin a darasin nan bai taɓa ɗora yatsa a kan madanni ba.

Zan riƙa rubuta abin da ya faru a nan, don ranar da masu kayan suka tambaya in sami abin nuna musu. Ajina yara 86 ne, mata 47, maza 39. Abu biyu na sa a gaba kafin hutun Disamba: kowane yaro ya buga sunansa da hannunsa, kuma aji ya fitar da ɗan littafinsa na kacici-kacici da Hausa.

Laraba, 25 ga Satumba

Jiya da daddare ɗan yayata da ke karatu a kwalejin fasaha ya zo muka duba su. Na liƙa wa kowace salatif mai launi don in riƙa bambancewa: Ja, Koriya, Shuɗiya. Ja ce lafiyayyar cikinsu, batirinta yana kai awa biyu. Koriya awa ɗaya da 'yan mintoci. Shuɗiya kuwa tsohuwa ce tukuf, minti ashirin da cire caja sai ta ɗauke.

Makarantarmu ba wuta, balle intanet, saboda haka duk abin da za a saka dole ya zama mai aiki ba data. Ya saka mana GCompris, wadda kyauta ce kuma tana da wasannin koyo fiye da ɗari, har da na koyon riƙe linzami da neman haruffa. Ya ƙara Tux Paint na zane. Abin da ya fi faranta mini rai madannan Hausa ne na cikin Windows, ashe suna nan ban sani ba. Ka danne Alt na hannun dama ka buga k, sai ƙ ta fito. Haka d ta ba ka ɗ, b ta ba ka ɓ. Na zauna ina ta buga "ƙuli-ƙuli" kamar wata yarinya har maigidan ya ce in tausaya masa in kashe fitila.

Kuɗi: data 3,000, linzami uku 7,500, wayar jona wuta mai baki huɗu 6,500. Jimla naira 17,000, daga jakata. Hedimasta ya ce in ajiye rasit.

Litinin, 30 ga Satumba

Ranar farko, kuma laifin duk nawa ne. Na shigo da jakar, na jera su a teburina, na ce, "Wa zai fara?" Ban rufe baki ba aji ya taso gaba ɗaya kamar an kwance awaki. Na gaba suka danne teburin, na baya suka hau benci don su hango, bencin da dama da bulo aka tokare ƙafarsa ɗaya ya kife da yara biyar. Allah ya tsare, mutum ɗaya ce kawai ta kurje gwiwa. Malamin aji biyar ya shigo da gudu yana tambaya ko maciji ne ya faɗo daga silin.

A minti talatin da biyar yara huɗu ne suka taɓa kwamfuta. Huɗun nan duk maza ne, kuma duk 'ya'yan gidajen da ake da babbar waya. Ɗaya daga cikinsu, wanda babansa ke da shago a bakin tasha, bai ko jira bayanina ba ya buɗe wasa yana nuna wa sauran. Na tattara kayana raina a ɓace. Baba maigadi ya ga fitowata ya ce, "Malama, ai ko sadaka za a raba, layi ake sa wa."

Talata, 1 ga Oktoba

Hutun ranar 'yancin kai. Na zauna da biro na yi lissafin da ya kamata in yi tun farko. Yara 86, in na kasa su rukuni goma sha biyu, goma za su ɗauki bakwai-bakwai, biyu takwas-takwas. Kwamfuta uku, wato rukuni uku a zama ɗaya, sai an yi zama huɗu kafin aji ya zagayo. Darasi minti 35 ne, a raba wa yara bakwai, kowa ya tashi da minti biyar. Ke nan in ba wanda ya makara, batir bai mutu ba, ni ma ban yi zazzaɓi ba, yaro zai sami minti biyar a mako. Mako goma ya rage mana. Minti hamsin a zango sukutum, ko wake ba ya nuna a wannan lokacin.

Da na ga haka sai na soke rabin abin da na tsara. Da ina da niyyar nuna musu Scratch, manhajar nan da yara ke jera umarni kamar bulo su sa hoto ya motsa, amma sai wani zangon. Minti biyar ɗin nan bai kamata ya tafi wajen neman inda harafi yake ba. Dole yaro ya zo gaban kwamfuta ya riga ya san hanya.

Alhamis, 3 ga Oktoba

Na roƙi mai shagon unguwarmu kwalaye, muka yanka guda talatin, 'yan aji shida suka taya ni zana madannai a jiki da maka, biron nan mai kaurin baki. Kowane benci ya sami kwalinsa. Yayin da rukuni uku ke gaban teburina, sauran sittin da biyar ɗin suna kan kwali, monita na kiran harafi suna ɗora yatsa.

A kan kwalin nan na gano abubuwan da ban taɓa lura da su ba. Haruffan da ke jikin madannai manya ne, amma abin da ke fitowa a fuska ƙanana ne, ga shi da yawan yarana ba su haɗa G da g ba, ko R da r. Sai na sa aka rubuta duka biyun a kowane gida. Wani ya ɗaga hannu ya ce, "Malama, wa ya hargitsa su? A tana nan, B tana can ƙasa." Wata kuma ta tambayi aikin Q da V da X da P, tunda ba sa cikin baƙaƙen da muke rerawa da safe. Na ce baƙi ne daga Turanci, a bar su su zauna. Na zagaye K da D da B da jan biro, na ce waɗannan kowanne yana da ɗan'uwa mai ƙugiya da ke ɓoye a bayansa.

Don layi, na tara marafan lemo na rubuta lamba ɗaya zuwa takwas. Kowa ya ja nasa, wayata ta yi ƙara bayan minti biyar, a tashi a ba na gaba. Maka biyu, 1,000.

Talata, 8 ga Oktoba

Layi ya zauna. Ba benci ko ɗaya da ya kife.

Alhamis, 10 ga Oktoba

Linzami ya fi madannai ba su wuya. Wani ya ɗaga shi sama yana kaɗawa kamar mai neman sabis, wata ta kai shi ƙarshen tebur ta tsaya tana kallona, ba ta san ana ɗagawa a dawo da shi baya ba. Wasan GCompris na goge fuska har hoton dabba ya bayyana shi ya warware matsalar. Sun ƙi kiransa linzami, ɓera suke ce masa. Na ƙyale su.

Litinin, 14 ga Oktoba

Da misalin ƙarfe goma aka ce ina da baƙo a ofis. Wani dattijo ne, kakan ɗaya daga cikin 'yan matan ajina, ya zo da sandarsa da ɓacin ransa. An gaya masa wai Malama ta kawo majigi tana nuna wa yara fim, kuma za ta riƙa riƙe su bayan an tashi. Na durƙusa na gaishe shi, na ce, "Baba, maganar fim babu ita, amma gani ya kori ji. Bismillah."

Ya zauna a kujerata, na kira jikarsa. Hannunta na rawa ta buga sunanta da na babanta, harafi ɗaya-ɗaya. Ya sunkuya ya duba ya ce shi bai iya boko ba, da ajami yake rubuta wasiƙarsa. Sai ya tambaye ni, "Wannan abin naku ya san ajami?" Na ce bari mu gani. Allah ya taimake ni ɗan yayata ya saka madannan Larabci ma, na juya, na buga alif da ba da ta, suka fito daga dama zuwa hagu. Dattijon nan ya gyara zama ya ce in ƙara. Sai da muka kai har ya.

Da zai tafi ya ce kwamfuta dai ya yarda, amma zama bayan an tashi bai yarda ba, don yarinya tana da Islamiyya kuma akwai aikin gida. Gaskiyarsa ce, kuma ba shi kaɗai zai faɗi haka ba. Na soke darasin yamma da nake ta ƙullawa a raina. Abin da za mu yi, a cikin lokacin makaranta za mu yi shi.

Alhamis, 17 ga Oktoba

Darasi mafi daɗi tunda muka fara. Na ce kowane rukuni ya buga jimla ɗaya. Wani ya buga "Mun yi baki a gida." Na sa aji ya karanta abin da ke fuskar daidai yadda yake, ba yadda ake nufi ba. Dariya ta ɓarke, wani daga baya ya ce, "To da can da me kuke cin tuwo?" Mai jimlar ya koma ya danne Alt ya gyara, baki ya zama baƙi. Sai na rubuta musu biyu a allo: "Sarki yana fada" da "Sarki yana faɗa." Suka yi ta kawo nasu, kafa da ƙafa, bari da ɓari, kasa da ƙasa.

Shekara da shekaru ina jan kunne a kan ƙugiyar nan a littafin rubutu ba ta shiga. A takarda yaro yana iya yin wata 'yar lanƙwasa da ba a san ko k ce ko ƙ ba, in yi masa uzuri in wuce. Madanni ba ya karɓar wannan wayon, ko ka danne Alt ko ba ka danne ba. Dole kunne ya yanke hukunci kafin yatsa ya sauka. Ni kaina da dare na duba saƙonnina na WhatsApp, na ji kunya, rabinsu ba ƙugiya.

Talata, 22 ga Oktoba

Tun jiya babu wuta, kuma ba unguwarmu kaɗai ba, kusan Arewa ce gaba ɗaya. Rediyo ta ce layin da ke tasowa daga Shiroro zuwa Kaduna dama an lalata shi, yanzu kuma wanda ya biyo ta Binuwai shi ma ya faɗi. A gida nake cajin kwamfutocin nan kullum da dare, maigidan ya kai ni da su a babur da safe. Yau da kwali kawai muka yi.

Juma'a, 25 ga Oktoba

Har yanzu duhu. Litar fetur ta haura naira dubu, ba zan iya ce wa maigidan ya tayar da janareta saboda kayan makaranta ba. Na koma kai su wurin mai caji, 500 kowace ɗaya, kwana uku ke nan, 4,500. Layin wayoyin da ke shagon ya kai har ƙasa, tawa jakar a kan buhu ake ajiye ta.

Talata, 29 ga Oktoba

Shuɗiya ta mutu. Jiya da yamma na kai su caji kamar kullum na biya 1,500, da na koma ɗauka yaron shagon yana ta sosa ƙeya. Wai janareta ya yi tari ya ɗauke, da aka sake tayar da shi wuta ta zo da ƙarfi, caja uku suka ƙone a shagon, har da tamu. Na shinshina cajar, ƙauri kawai take yi. Na ce to caja ce, da sauƙi. Da na zo gida na gwada da cajar Ja, wadda bakinsu ɗaya, ko ƙyaftawa ba ta yi ba.

Yau bayan an tashi na kai ta wurin mai gyara. Ya buɗe, ya nuna mini wani wuri da ya yi baƙi kusa da inda caja ke shiga, ya ce bod ne, wato babban allon cikin kwamfutar, ya taɓu, gyara da sabuwar caja 35,000, kuma bai yi alkawarin za ta daɗe ba. Kuɗin dubawa da na mota, 2,000. Na koma wurin mai cajin, ya ce shi ma asara ya yi, ya ba ni haƙuri. Me zan ce masa? Ni na san wutar janareta ba ta da tabbas, kuma an taɓa gaya mini a riƙa cire kaya kafin a tayar da inji. Gudun kada yara su rasa mako guda ya sa na rasa kwamfuta guda.

Hedimasta bai yi faɗa ba, ya dai ce in rubuta rahoto. Da ya yi faɗan da ya fi mini sauƙi. Na daina kai sauran biyun shago, ko da wutar za ta shekara ba ta dawo ba.

Litinin, 4 ga Nuwamba

Wuta ta dawo ƙarshen makon jiya, tana zuwa tana ɗaukewa. Da kwamfuta biyu, zama shida ake bukata kafin aji ya zagayo. Malamar lissafi ta ba ni darasinta na safiyar Juma'a, na kuma ƙara rabin lokacin tara ranar Laraba.

Laraba, 6 ga Nuwamba

Yara 19 ba su zo ba, yawancinsu maza. Kaka ce, ana roron wake ana yankan dawa. Waɗanda suka zo sun sami minti bakwai-bakwai.

Talata, 12 ga Nuwamba

Ashe kasuwa ake ci a ajina ban sani ba. Ina duba rajistar da nake sa kowa ya yi alama in ya gama, sai na ga ɗan mai shagon bakin tasha ya bayyana sau uku a mako ɗaya. Na bi baya, na ga akwai 'yan mata shida da tun ranar 8 ga Oktoba ba su zauna gaban kwamfuta ba, alhali ba su yi fashi ba. Na titsiye monita. Ya ce marfi ake sayarwa, naira ashirin ko ƙuli-ƙuli biyu, kuma masu saye su huɗu ne, huɗun nan na ranar farko.

Na kira 'yan matan ɗaya bayan ɗaya lokacin tara. Biyar sun sunkuyar da kai sun ce kwaɗayi ne. Ta shidan, wadda ke zama a bencin ƙarshe kuma take tallan awara da yamma, ita ba sayarwa ma take yi ba, kyauta take bayarwa. Na ce don me? Ta daɗe tana murza bakin hijabinta, sannan ta ce, "Malama, Innarmu ta ce kada in taɓa. In ya lalace ba mu da kuɗin biya." Da ta ji labarin Shuɗiya kuma sai tsoron ya ƙaru, ta ɗauka wani yaro ne ya ɓata ta kuma za a kama iyayensa.

Na tsayar da darasi na gaya wa aji da bakina cewa Shuɗiya a hannuna ta lalace, ba a hannun kowa ba, kuma babu yaron da za a ce ya biya ko sisi. Na ce kowa ya kai wannan maganar gida. Na sake rukunai, mata daban maza daban, don na lura in an gauraya yarinya na fara laluben harafi sai hannun namiji ya zo ta kafaɗarta ya danna mata. Marfi kuma na soke shi, da rajista zan riƙa kira.

'Yan kasuwar nan huɗu ban dake su ba. Na naɗa su mataimaka, kowane zama biyu su tsaya bayan masu bugawa, da sharaɗi ɗaya: hannu a baya, da baki kawai za a koyar. Ɗan mai shagon ya sha wuya yau, sai ka ga yana rawa a tsaye yana cewa, "Hagu! Hagunki! Ƙasa kaɗan!" Mai awara ta buga sunanta a minti huɗu. Da ta gama ta ɗaga hannuwanta biyu sama daga kan madannan, kamar wadda ta sauke tukunya mai zafi.

Alhamis, 14 ga Nuwamba

Aikin gida na wannan makon: kowa ya je wurin kakarsa ko wata tsohuwa a gidansu ya karɓo kacici-kacici ɗaya. An kawo fiye da sittin, amma maimaici ya yi yawa. "Baba na ɗaka, gemu na waje" kaɗai mutum goma sha ɗaya suka kawo shi, sai na shanu dubu maɗaurinsu ɗaya. Bayan tacewa mun tsaya a 38. An yi gardama a kan wasu amsoshin, na ce a koma a tambayi masu su. Kowane rukuni zai buga uku, biyu da suka rage na mataimaka ne.

Na saka salon rubutu mai suna Andika, wanda aka yi domin masu koyon karatu. Harafin a ɗinsa irin wanda muke rubutawa a allo ne, kuma ƙugiyoyinmu duk suna fita sarai.

Alhamis, 21 ga Nuwamba

Saura kaɗan in yi kuka a gaban yara. Wani abokin aikinmu, wanda ya girme ni a aiki nesa ba kusa ba, ya ari Koriya ranar Talata zai buga tambayoyin jarrabawa. Ba yadda zan hana shi. Ya soka filashinsa da ya gama yawo a shagunan buga takardu. Yau na soka nawa, inda aikin yara na mako guda yake, sai na ga kowace jaka ta koma wata 'yar alama mai kibiya, in ka danna ba abin da ke buɗewa. Kacici-kacici 26 da aka riga aka buga, kowanne minti biyar-biyar na wani yaro.

Na fita bayan aji na kira ɗan yayata. Ya ce, "Anti, kwantar da hankalinki, irin wannan bairos ɗin ɓoyewa yake yi, ba ya gogewa." Ya bi da ni ta waya har na sa kwamfutar ta nuna ɓoyayyun fayiloli, sai ga su sun fito dishi-dishi. Na kwashe. Guda uku na ranar Litinin ne kawai suka ƙi buɗewa, za a sake su. Da yamma ya zo ya wanke Koriya da filashin.

Na sami Malam a ɗakin malamai na ce masa, "Malam, in akwai abin bugawa a kawo mini a takarda, ni zan buga." Ya gane. Daga yau ba filashin da zai shiga sai nawa, kuma duk Juma'a zan kwafe aikin a wayata.

Talata, 26 ga Nuwamba

Hunturu ya shigo, tagoginmu biyu ba marfi. Ƙura ta sa madannin e na Koriya yana maƙalewa. Tsohon buroshin haƙori ya yi maganinsa. Na ɗinka musu riguna da ragowar atamfa.

Talata, 3 ga Disamba

An gama bugawa ranar Juma'a, jiya na kai shagon buga takardu. Shafi uku na farko da suka fito, duk inda ƙ ko ɗ take sai wani ɗan akwati. "Baba na ɗaka" ya koma Baba na akwati. Kwamfutar shagon ba ta da Andika, ta musanya da wani salon da bai san haruffanmu ba. Yaron shagon ya ce a mayar da su k da d kawai, ai kowa zai gane. Na ce masa wata biyu na yi ina yaƙi da wannan maganar. Na biya 300 na shafukan da suka lalace, na koma gida na adana aikin a PDF, wanda ke tafiya da salon rubutunsa duk inda aka kai shi. Yau ya fito daidai.

Shafi 12 ne, da zanen Tux Paint a bango: tsintsiya da wani abu da mai zanen ya rantse saniya ce. Bugun farko 1,200, kwafi goma sha biyar a naira 40 kowane shafi 7,200. Ƙarƙashin kowane kacici-kacici an sa sunan wanda ya kawo da wanda ya buga.

Alhamis, 5 ga Disamba

Zaman kwamitin SBMC, wato kwamitin al'umma mai kula da makaranta, a ƙarƙashin darbejiya. Na raba musu littafin, na karanta lissafi: abin da na kashe tun Satumba naira 34,700. Sun mayar mini da 20,000, sauran sai bayan an sayar da amfanin gona.

Wani ya kawo shawarar a roƙi tsofaffin ɗalibai su ƙaro kwamfuta. Na ce ni wuta nake so kafin ƙari. Cajar kowace laftof an rubuta wat 65 a jikinta, uku na awa biyu bai kai wat-awa 400 ba. Batir mai bolt 12 da amfiya 100 yana ɗaukar 1,200, kuma ko da rabinsa kawai aka ja, yadda masu sola ke cewa a yi don ya daɗe, ya ishe mu har da saura. Mai haɗa sola ya yi mana kuɗin faranti ɗaya da batir da inbata ƙarama da wayoyi 380,000. Shugaban kwamiti ya yi salati. Baba maigadi, da ba a tambaye shi ba, ya ce in za a ɗora faranti a rufin kwano to a haɗa da walda, don shi ido biyu gare shi kuma dare na da tsawo. An tsaya a kan Hedimasta zai rubuta wa tsofaffin ɗalibai takarda, a haɗa da kwafi biyu na littafin. Gyaran Shuɗiya an jingine shi.

Laraba, 11 ga Disamba

Na ƙirga rajista. Yara 79 cikin 86 sun buga sunansu ba tare da an taɓa musu ba. Bakwai da suka rage: uku tun kaka ba su dawo ba, biyu suna kwance da zazzaɓi, ɗaya sun tashi daga garin. Na bakwai kullum yana nan, kuma ya fi kowa son zama gaban Ja, amma har yau bai san haruffan sunansa ba, a kwali ko a takarda. Sai a wannan layin na minti biyar na gane haka, bayan ya shekara uku da wata uku yana kwafar allo. Shi a Janairu da katin haruffa za mu fara, ni da shi, lokacin tara.

Sauran abin da ke jiran zango na biyu: in sola ta samu, Scratch ga rukunai biyu a gwada, in ba ta samu ba, littafi na biyu, na karin magana. Malamar aji uku ta ce in ba ta kwalayenmu, za mu yanka sababbi. Ja da Koriya za su yi hutu a gidana, a cikin akwatin ƙarfe saboda ɓeraye, in riƙa kunna su sau ɗaya a mako kada batir ya kwanta. Kwafi ɗaya na littafin na ba mai awara ta kai wa Innarsu, nata yana shafi na bakwai.